Ragona Ya Sauka Gidan Ishaƙu, Ni Na Sauka Otel

Zuwa ga Mai Girma Babban Darekta na Kamfanin Katin Sauka-Lafiya, uban matafiya, gatan aljihun talaka, wanda ban taɓa gani ba sai dai sa hannunsa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin sanyin buronka na aiki lafiya, kai da iyali da sauran masu ɗaura karabat a wuya. Allah ya ƙara girma. Mu nan Gidan Amumune sai godiya. Ruwa ya ɗauke bana tun hatsi bai fid da kai ba, amma ba wannan na zo kawo maka ba, na san ba kai ke riƙe da hadari ba.

Ni ne Ƙadri Manzo, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, wanda ya aje alli ya koma gona da ɗan kiwo. Na yi tunanin kai kukana sama, sai na tuna a wannan zamani na masu kaki ba a son mutum ya cika ƙorafi. Da na duba cikin manyan ƙasar nan kaf, kai kaɗai na samu wanda ba ya da bindiga. Ka yi haƙuri, kai za ka ji.

Ranka ya daɗe, wakilinka ne ya tare ni a Mayahi ranar da na je karɓar ɗan abin da gwamnati ke ba mu na aje aiki. Mutum mai fara'a, haƙoransa tas. Ya ce mini mutum irina, wanda ya yi ilimi, bai kamata ya riƙa tafiya kamar kowa ba. Ya ba ni katinku mai ruwan zinariya, ya ce duk otel ɗin da na kama ɗaki da shi za a yi mini rangwame, kuma iya yawan kwanana iya yawan abin da zan tsira da shi. To, rediyo kullum cewa take ɗan ƙasa nagari ya yi tattali. Ni kuwa ɗan ƙasa ne nagari. Na karɓa da hannu biyu.

Kafin in shiga koke-koke, bari in sanar da kai wani abu da wataƙila ba a koyar da shi inda kuka yi karatu. Mu nan, idan mutum zai kai dabba kasuwar Tasawa, yana da mai masauki. Nawa sunansa Ishaƙu. Ubana a zauren ubansa yake sauka, ni ma tun ina riƙe wa tsoho igiya nan nake sauka. Akwai tabarma a bayan ƙyauren zaurensa wadda ba wanda ke kwanciya a kanta sai ni. Matarsa Lalla ta san ba na son yaji da yawa. Shi ke ɗaure dabbata, shi ke kai ta kasuwa, shi ke tsayawa gaban dillalai ya ce ya san mai ita, ba ta sata ba ce. Tunda nake, ko sau ɗaya ba a taɓa yi mini rangwame a gidan nan ba, Mai Girma, domin ba a taɓa karɓar ko dala a hannuna ba. Wakilinka ne ya buɗe mini ido na gane irin asarar da nake yi.

Bana rumbuna ya kusa taɓa ƙasa. Maiɗakina Ramatu ta ce a sayar da ragon da muke turkawa a sayo hatsi. Na ɗora shi motar kasuwa, na buga waya na kama ɗaki da katinku a wani otel na Tasawa, ban gaya wa kowa ba. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Takardarku ta ce rangwamen ya fi tsoka idan ɗakin mutum biyu ne. Na kama na mutum biyu. Da muka isa ƙofa, ni da ragon, gardi mai tsaron ƙofa ya ce ni in shiga, shi ya tsaya. Na nuna masa katin. Na yi masa bayani da Hausa, na sake yi masa da Faransanci, cewa mu biyu muka zo, mu biyu aka biya wa. Ya ce ko katin lu'ulu'u ne, rago ba ya hawa bene. Mai Girma, a wane layi na takardarku aka rubuta cewa na biyun dole ya zama mai ƙafa biyu? Na karanta ta gaba da baya da tabarau, har ƙananan rubutun nan da kuke yi don tururuwa, ban gani ba. Dole na ɗaure shi a jikin ƙyauren otel, kusa da wasu furanni, waɗanda ina jin su kaɗai ne ɗanyen ganye a duk Tasawa bana. Abin da ya faru da furannin ba zan ɗora maka ba, wannan tsakanin ragon ne da gardi.

Na biyu. Ɗakin. Ba na musu, yana da kyau. Akwai gado har biyu, na rasa wanda zan zaɓa, sai na riƙa raba dare tsakaninsu don kada kuɗin ɗaya ya tafi a banza. Amma tunda na shiga ba wanda ya tambaye ni mutanen gida. Ba wanda ya ce ina gajiya, ina hanya, yaya aka ji da rashin ruwa. Da safe aka kawo mini guntun burodi da man shanu a cikin wata ƴar takarda da ba ta kai farcen yatsa ba. Na zauna ina jiran abincin, ashe shi ke nan. Shin shi ma cikin rangwamen yake? Idan haka ne, ina taya ku murna, an rage ƙwarai.

Na uku, kuma nan ne nake roƙon ka gyara zama. Ragon nan, tun yana ɗan ƙarami a gidan Ishaƙu na sayo shi, cikin tumakin Lalla. Wakilinka bai tambaye ni tarihinsa ba, kuma da kamfaninku na aiki tsakani da Allah ya kamata a tambaya. Ina sama ina ƙoƙarin gane yadda ake kashe na'urar sanyi, gogan naka ya gama da furanni, ya tsinke igiya, ya bi hanyar da ya sani. Kai tsaye sai zauren Ishaƙu.

Ka sa kanka a matsayin mutumin nan, Mai Girma. Ga ragon amininka a ƙofar gidanka, da guntun igiya a wuya, ba mai shi. Me za ka ce? Ishaƙu ya ce mota ta kife da ni. Ya fita ko hula bai sa ba. Ya je tasha, ya je likita ya leƙa gado-gado, ya je wurin jandarmomi, inda mutum mai hankali ba ya kai kansa a wannan zamani ba tare da an kira shi ba. Lalla tana kuka tana tuƙa tuwo, wai ko da za a kawo ni da sauran numfashi. Maƙwabta har sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Sai da la'asar wani ɗan kabu-kabu ya ce ai ya ga Mushe, wato ni, a otel.

Ya same ni zaune a baranda, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ina jiƙa ragowar burodin safe a cikin kofi. Ya tsaya yana haki, ƙafafunsa duk sun yi futu-futu. Na miƙe da murna zan yi masa bayanin rangwame. Bai bar ni ba. Ya gaishe ni da sannu da zuwa baƙo, irin gaisuwar da ake yi wa mai tallar magani. Ya tambaye ni ko kuɗin cizo na samu a tabarmarsa, ko tsakuwa na tauna a tuwon Lalla, ko kuwa don an yi fari ne na ɗauka gidansa ba zai iya ciyar da mutum ɗaya ba. Na ɗaga masa katin ya gani. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce Allah ya sa albarka, ya juya. Ina tambaya cikin ladabi: me ya sa ba ku rubuta a bayan katin abin da mutum zai faɗa a irin wannan lokaci ba? Lambar waya kawai kuka sa. Na kira, wata mata ta ce in danna ɗaya.

Na huɗu. Washegari ranar kasuwa na je karɓar ragona. Ishaƙu bai fito ba. Lalla ce ta yi magana daga bayan ƙyaure, ba ta ko kira ni da Mushe ba yadda ta saba. Ta ce maigida ya ce ragon baƙonsa ne, da ƙafarsa ya zo, kuma gidan nan ba a taɓa korar baƙo ba. In ragon yana son komawa otel, ya faɗa da bakinsa. Na leƙa. Wallahi, Mai Girma, a gindin tabarmata aka ɗaure shi, an aje masa harawa, a wannan shekara da harawa ta fi nama tsada. Na kira shi da sunan da nake kiransa a gida. Ya ɗago kai, ya dube ni, ya ci gaba da tauna.

Na zaga kasuwa na sami dillalai, na ce ina da rago na sayarwa, yana nan kusa. Suka ce wa ya san ni? Na fid da katin. Wani ya karɓa ya gwada shi a haƙori, ya ce ba zinariya ba ce, ya miƙo mini. Wannan ma ina so a bincika.

Na biyar. Tunda an ce iya kwana iya rangwame, na koma otel na ci gaba da tattali. Na yi tattali har kasuwa ta watse, na ƙara yin tattali, har ranar da kuɗina suka ƙare, na'urarsu ta tofo katin ta ƙi karɓa. Wakilinka ya shaida mini ta waya cewa na tara maki masu yawa, har sun isa a rage mini kwana a wani otel na bakin teku. Madalla. Wace mota ce ke tashi daga Gidan Amumune zuwa teku, kuma can suna karɓar rago?

Na dawo gida ba rago, ba hatsi. Ramatu ta saurari bayanina har ƙarshe, mace ce mai haƙuri. Sannan ta karɓi katin, ta juya shi, ta ce a wane ruwa ake jiƙa shi kafin a daka. Yanzu da shi take kankare ƙanzo a tukunya, kuma gaskiya a nan ingancinsa ba laifi.

Na shida ba koke ba ne, ban ma san sunan da zan ba shi ba. Makon jiya amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gidana da buhunan hatsi. Mai amalanken ya ce saƙo ne daga Tasawa. Ya ce an ce ya gaya wa Ramatu da yara ragonsu yana gaishe su, yana lafiya, shi ya aiko da wannan. Na tsaya kusa ina gyara murya. Na ce ba wani saƙon? Ya ce an gai da Ramatu, an gai da yara kowa da sunansa, an gai da liman. Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan.

Mai Girma, na san rumbun Ishaƙu. Gonarsa ba ta fi tawa samun ruwa ba bana. Hatsin nan daga bakin ƴaƴansa ya ɗebo shi. Kullum da dare ana aje mini tuwonsa, ina ci domin yunwa ba ta da kunya a wurina. Raina a ɓace yake, kuma ina kewar mutumin nan fiye da yadda zan iya rubutawa ga wanda ban sani ba.

Saboda haka ga buƙatata, guda ɗaya ce. Ba na neman a mayar mini da kuɗi, makin teku kuma na bar maka, ka je da iyali. Kun ce ba masaukin da katinku ba ya buɗewa. To, ku kama mini wuri a zauren Ishaƙu, unguwar da ke bayan kasuwar dabbobi, Tasawa. Tabarma ɗaya, ta bayan ƙyaure. Ba sai da na'urar sanyi ba. In an ce wurin akwai mai shi, ku ce na yarda mu raba da ragon, shi ya ɗauki wajen bango. Kada ku nemi a rage mini komai. Duk faɗan da Ishaƙu zai yi, da duk abin da Lalla za ta ɗora a kai, a ba ni shi cif, zan biya a tsugune.

In kuwa na'urarku ba ta iya wannan, ka sanar da ni da wuri. Kasuwa mai zuwa zan tafi da ƙafata, ba kati, in zauna a ƙofar zauren har a gaji da ganina. Ragon ma haka ya yi aka karɓe shi.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa katinka ƙyalli, ya tsare ka da sauka inda ba a san ubanka ba.

Naka mai biyayya har ƙasa, wanda ya yi tattali har ya rasa wurin kwana,

Ƙadri Manzo
Tsohon mushen lakwal, Gidan Amumune