Rasuwar Asibi a Bayan Katangar Yaya Sabi'u

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, tare da sallamawa ga abin da Allah ya ƙaddara, ni Jibirin Lawal na Masanawa, ƙaramar hukumar Kabo, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da direbobin layin Gwarzo zuwa Kabo, rasuwar motata Asibi. Ta rasu a tsakar gidanmu, tsakanin rumbu da rijiya, bayan doguwar jinya da gajeriyar lafiya.

Ranar Asabar ta shigo hannuna, shi ya sa na raɗa mata sunan. Da tsufanta ta zo, ban kuma taɓa yi mata gori ba. Marigayiya mai haƙuri ce da kawaici. Ta ɗauko buhunan gyaɗa daga Garo, ta kai amare da 'yan rakiyarsu Kutama, har ɗan maraƙi ya taɓa zama a kujerarta ta baya, ba ta taɓa cewa an yi mata yawa ba. A kanta na ɗora burina gaba ɗaya: in riƙa jigila, in kama ɗaki a Gwarzo ni da matata Zubaidatu, in fita daga gandun yayana Sabi'u. Tun rasuwar Baba nake yi masa noma kamar ɗan ƙodago, sai dai shi ɗan ƙodago ana sallamarsa da yamma.

Ciwon ya fara ne gab da damina. Da safe in na murɗa makulli sai ta ce ƙarrr-gaf-gaf-gaf, kaji su watse, jarirai su tashi da kuka. In ta kama kuma shi ke nan, sai ka rantse ba ita ba ce. Lokacin fetur ya yi tashin gwauron zabi, kayan gyara sun fi ƙarfin talaka, sai na shigar da ita ta ƙofar baya, ta langa-langa, na ce ta ɗan huta. Kafin in farga Yaya ya shuka dawa a gonar bayan gida har bakin ƙofar. Ya ce ba a haifi wanda zai taka masa shuka da taya ba, a bari sai kaka.

A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da Shari'a. Yaya ya rubuta Ba Shiga da shuni a bangon zaure, ya ce baligi ko da sifana a hannunsa ba ya wuce nan. Ban ja da wannan ba, gida ne na iyali. Sai likitocin marigayiya suka koma duba ta daga waje: bakanike ya tsaya a lungu ya kafa kunne a katanga, ni kuma in tayar da ita daga ciki. Ja'afar na Kabo ya saurara ya ce salansa ce ta kwance. Na ɗaure ta tamau, ƙara na nan. Wani ya ce fambel ne, na sake, ƙara na nan. Ya'u na Gwarzo, Allah ya saka masa da alheri, shi ya sa na yi ta tayarwa har batir ya kusa shiɗewa, sannan ya ce haƙoran kik ne suka cinye, ba sa kama injin daidai.

Da aka girbe dawa na tafi Kano neman kik na hannu. Na ɗan jima a can, don duk wanda na taya sai ya fi ƙarfin aljihuna. Da na dawo na tarar babu ƙofar baya. Katanga ce sabuwa fil a wurin, ƙasarta ko bushewa ba ta gama yi ba, an kuma jingina mata harsashin ɗakin da Mahbub, ɗan Yaya, zai sa amarya. Yaya ya ce langa-langar duk ta huje, masu wucewa na leƙen iyali, sannan mota marar lafiya ina za ta? Na buɗe baki zan yi magana, ya tuna mini wanda ya yi mini aure, na rufe.

Duk da haka na ɗaura mata kik ɗin, Ya'u na ta kan katanga yana gaya mini notin da zan kwance. Na murɗa makulli. Ta ce rrrrr, a hankali, sumul. Wallahi tunda nake da ita ban taɓa jin muryarta da daɗi haka ba. Na sa giya, ta yi gaba har rumbu. Na yi ribas, ta dawo bakin rijiya. Iyakar tafiyar ke nan. Na kifa kai a sitiyari ina kuka, matan gida suka ɗauka murna ce, suka rangaɗa guɗa. Don haka kada wanda ya ce ciwo ne ya kashe ta, lafiyarta ƙalau ta rasu.

Ta bar tayoyi huɗu da safaya guda wadda ba a taɓa dogara da ita ba. Ta bar batir, yana nan ɗakin Yaya yana yi wa rediyo hidima. Ta bar wata kaza mai kwanci a ƙarƙashin kujerar direba, wadda har yanzu ba a sanar da ita ba. Ta bar ni, ta kuma bar Zubaidatu, wadda jiya na gani tana kwance ƙullin kayan da ta ɗaure tun bara don komawarmu Gwarzo, tana jera su a inda suke a da.

Za a yi jana'iza ranar Laraba bayan sallar La'asar, in Allah ya kai mu, domin Yaya na bukatar filin ya ɗaure awaki. Ƙofar zaure ba ta cin mota, saboda haka za a fitar da ita gunduwa-gunduwa. Masu sayen ƙarfe za su jira a waje, tunda su ma baligai ne. Ni zan kwance ta da hannuna, ni zan miƙa musu.

Ba za a yi zaman makoki a gida ba. Mai son yi mini ta'aziyya ya same ni a gonar Yaya Sabi'u, ina kai taki. Kada kowa ya yi gaggawa, ko baɗi ya zo a can zai tarar da ni.