Yawon Buɗe Idon Kaka

"Salamu alaikum, fadar Sarauniyar Allura. Gagara-zare, mai keken ɗinkin da ya girmi titin unguwar nan, wadda ta ɗinka wa rabin gari rigar jarirai ta dawo ta ɗinka musu ta aure. Amaryata ta fari kuma ta ƙarshe, mai haƙora huɗu kowanne da tarihinsa. Ga angonki ya iso."

"Wa alaikumus salam. Rufe min ƙofa, kaji za su shigo."

Ta faɗi haka ne tana kallon doguwar rigar da ke rataye a jikin ƙusa, ni kuwa ina tsaye ta ɗaya gefen, kusa da teburin yanka.

Kakata ce, wadda ta haifi mahaifiyata. Ɗakin ɗinkinta na nan yadda na buɗe ido na gan shi: keke a bakin taga, gwangwanin maɓallai, buhun ƙyallaye a bayan ƙofa, da almakashin da ko ɗanta na cikinta bai isa ya taɓa ba. Abin da ya sauya shi ne idonta. Yanar ido ce ta sauko mata a duka biyun, fari-fari kamar an ɗiga madara. Likita ya ce ana cirewa, amma sai a babban birnin nan na bakin teku, kuma in aka ci gaba da jan ƙafa aikin zai yi wuya. Kawu ya yi magana, ta ce idonta ras. Inna ta yi kuka, Kaka ta ce mata ta je ta nemi aikin yi. Sai na ce su bar min ita. Ni dai makaranta ce ta gaji da ni kafin in gaji da ita, amma na fito da abu guda: na san yadda ake juya kalma. Ba zan ce mata asibiti ba. Zan ce yawon buɗe ido za mu. Ko gaban alƙali aka je, ban yi ƙarya ba.

"Ina nan ta hagunki, amarya."

"Na sani. Rigar nake gaisarwa, ta fi ka amfani. Zo ka zura min zare."

Na jawo kujera na ɗauki matashin allurai. Kullum da safe nakan zura mata su jere, fari, baƙi, ja, ta riƙa zara ɗaya bayan ɗaya. Wai don kada zaman banza ya kashe ni take ba ni aikin.

"Albishirinki."

"In aiki ka samu, goro. In mata ka samu, Allah ya ba ta haƙuri."

"Ina ni ina wata mata, ga ki? Tafiya zan kai ki. Yawon buɗe ido, birnin bakin teku. 'Yan kwanaki kawai mu dawo."

"Mijin da bai taɓa kawo cefanen albasa ba, yau shi ne da kai amarya teku. In ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Me ke can?"

"Teku mana."

"Mene ne shi?"

"Ruwa ne, Kaka."

"Akwai a randa."

"Wannan ba shi da ƙarshe."

"Haka surutunka. Ana sha?"

"Gishiri ne zalla."

"Ana wanki da shi?"

"Ba ya kumfa."

"To ruwan da ba a sha, ba a wanki, sai tsalle-tsalle da ƙara dare da rana, ai ɗan'uwanka ne. Je ka ku gaisa, ka ce ina gaida iyayensa."

Na gyara zama. Wanda zai ja da Kaka sai ya karya kumallo da kyau.

"Ba teku kaɗai ba. Akwai jiragen ruwa, kowanne ya fi layinmu tsawo. Akwai wata gada da za ki yi barci a mota ki farka kina kanta. Akwai benaye da ba a hawa da ƙafa, wani ɗan ɗaki ake shiga, a danna, ya tashi da mutum sama."

"Ɗakin da ke tashi da mutum, a zamaninmu aljanu ake kira. Kai ka taɓa zuwa?"

"Na gani a waya."

"A waya. Ashe makaho ne zai ja makaho."

Na ajiye allurar.

"Ni ne na farko. Wane ne makaho na biyun?"

"Kawunka," in ji ta, ko numfashi ba ta ja ba. "Ai na san ba za a yi tafiya babu shi ba. Kai ko kuɗin mota zuwa kasuwa sai an yi maka karo-karo."

"Kawu direba ne kawai. Ni ne shugaban tafiya. Na tsara komai a kaina."

"Wuri ne mai fili, komai zai shiga. Faɗi in ji."

"Ranar da muka isa, hutawa. Washegari in kai ki wani katafaren masauki. Fararen zannuwa, gado mai tashi da kwanciya, ma'aikata cikin fararen kaya suna kai da kawowa, kowa na tambayar lafiyarki."

"Me suke dafawa?"

"Da safen dai... sun fi so kada a ci komai."

"Wane irin masauki ne ke hana baƙo karin kumallo?"

"Tsarin birni ne. Don ciki ya yi sauƙi a ji daɗin kallo."

"Uhm. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ci gaba, ina jin ka."

Ta zari allura mai farin zare ta soma dajiyar wani baƙin siket. Na buɗe baki zan yi magana, na rufe. Ita kuwa hannunta na tafiya kamar ruwa, ɗinki daidai wa daida, ko injin bai fi shi ba. Launin ne kawai ya ci amanarta.

"Sannan in kin huta sai teku. Har na yi miki tsaraba tun kafin a tafi. Miƙo hannu. Hasken can da ƙarfi yake, manyan mata duk da irinsa suke yawo."

Na ɗora mata baƙin tabarau a tafin hannu. Gaskiyar magana ban saya ba. Na zaga shaguna, na ji farashi, na ga ba dalilin da zai sa mu ɓata da masu shago. Sai na tuna matar mai gyaran rediyo, maƙwabciyarmu, tana da wani da ta daina sawa. Na aro, na wanke da sabulu, na goge da gefen rigata har yana ƙyalli.

Kaka ba ta kai shi fuska ba. Ta bi shi da yatsa, gilashin, hancin, ta gangara ƙafar dama, ta koma ta hagu. A nan yatsan ya tsaya.

"Sabo ne?"

"Daga kwali."

"Ikon Allah. Kamfanin nasu ni suke ba aikin ɗauri ke nan ban sani ba. Wannan ƙafar ni na ɗaure ta, baƙin zare ninki biyu, ƙulli uku a ciki don kada ya sosa kunne. Na matar mai rediyo ne. Shi ta dawo da shi a fuska bara, da aka yi mata aikin ido."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban taɓa sanin nawa bai kai tsawon ƙafar tabarau ba.

"Kama ce kawai, Kaka. Biri ma ya yi kama da mutum."

"Ga shi kuwa a gabana yana zura zare. Yawon buɗe ido. Da me za a buɗe shi, da wuƙa?"

"Ban yi ƙarya ba dai. Ki auna maganar."

"Na auna tun kana bakin ƙofa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Babban da ya gaida riga?"

Na zaci za ta jefe ni da gwangwanin maɓallai. Ba ta jefa ba. Ta ajiye tabarau a kan keke, ta shafa siket ɗin da ke cinyarta.

"Wane launi na sa wa wannan?"

"Fari."

"Siket ɗin fa?"

"Baƙi."

"Ka gani, ka yi shiru."

"Ɗinkin ya yi kyau ne."

"Munafuki." Ta soma warware shi da bakin allura, a hankali. "Kuna zaton ban sani ba. Na san ranar da ramin allura ya ɓace min. Na san masu kawo ɗinki sun koma wurin yarinyar can ta bakin titi, suna ce min wai ba su samu yadi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma kakanka da idonsa ɗaya mai kyau ya shiga hannun wani mai magani, ya fito babu ko ɗaya. Ni na riƙa ja masa sanda har ya koma ga Allah. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Yanzu ko ba komai ina ganin taga, ina ganin inuwar mutum. In suka taɓa suka kashe min wannan ɗin fa?"

Duk tsarin da ke kaina bai zo nan ba.

"Wancan mai maganin a ƙarƙashin bishiya ya yi nasa, Kaka. Waɗannan aikinsu ke nan tun safe har yamma. Matar mai rediyo da ke karo da tukwane, jiya daga ƙofarta ta hango ni ta ce wuyan rigata ya yi datti."

"Wannan ko ni na sani, ba sai da ido ba."

"In kuma kin ƙi, shi ke nan. Dama yarinyar bakin titin tana min murmushi. Ita tana ganin kyawuna. Sai in kai mata ɗinkina, in kai mata kaina."

"Ka kai. Wadda ke sa aljihu a karkace? Ta ɗinka maka wando ka riƙa tafiya kamar ƙaguwa."

"Kin ga har kin fara maganar dabbobin teku."

Dariya ta kuɓuce mata, ta yi maza ta mayar da ita tari. Ta ɗan jima tana tsinke farin zaren tana tarawa a gefen keke.

"Tsarin naka bai yi ba," in ji ta. "Juya shi. Teku tukuna, kafin kowa ya taɓa ni. A kai ni har bakinsa in sa ƙafa. Ko dishi-dishi ne in gan shi da idon da na zo da shi duniya. In aikin ya yi kyau, mu koma in ga ko ƙarya ka yi min. In bai yi ba, na dai gani."

"An gama."

"Kuma ranar aikin kana nan kusa, hannunka cikin nawa."

"Tsoro, amarya?"

"Tsoron kada ka ɓace a birni a ce ni na yar da kai. Buɗe buhun can, akwai riga a sama. Na ɗinka maka tun watan jiya."

Na ciro ta. Shuɗiya ce, ɗinki kamar na kanti, sai dai hannun hagu kore ne shar.

"Ta yi?"

"Ba a taɓa yin irinta ba."

"To ita za ka sa a tafiyar, daga nan har can. In an buɗe min ido ina so in ga abin da kuka bar ni ina yi."

Na sa ta a kan tawa, na tsaya tsakiyar ɗakin na buɗe hannuwa, shuɗi da kore.

"Ki yi tunani, Kaka. Likita ya warware bandeji, haske ya shigo, ki ɗaga kai. Abin farko da za ki gani a sabuwar duniya, kafin teku, kafin jirage, kafin gada, shi ne fuskar angonki, zakaran samarin unguwa, wanda 'yan mata ke..."

"Na taɓa gani, ba abin kallo ba ne. Sauko min da akwati."