Yadda Za Ka Hana Rijiyar Mai Rufewa Har Hotonka Ya Hau Kalanda

Ɗan'uwa mai tsaron rijiyar mai, in burinka hotonka ya fito a kalandar kamfani da farar hular kwano da murmushi, to gyara zama. Ni Dakoru, shekara goma sha tara ina wannan aiki a rafukan bayan Bonny. Sharaɗin kalanda ɗaya ne: rijiyarka ta yi kwana dubu ba a rufe ta ba. Ni na cika shi. Bi matakan nan, in ba ka hau ba ka zo ka tsine mini.

1. San maƙiyinka

Can ƙasa cikin rijiya akwai wani bawul mai taurin kai, wanda babu abin da yake so irin rufewa. Abin da ke riƙe shi a buɗe siririn bututu ne kamar na birkin mota, cike da man da famfo ke matsawa daga sama. Da matsin ya sauka, sifirin, wato wani naɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle, sai ya ture murfi, garam, ɗanyen mai ya tsaya. Wai an yi shi ne don ranar da babban bututu ya fashe, a danna jan maɓalli, matsi ya zube, rijiya ta kame bakinta.

Tawa rijiyar a bakin rafin da surukata Mama Ibiere ke kafa raga take, kuma da kifin nan take ciyar da jikoki bakwai. Injiniyoyi za su ce maka bawul ɗin ne kaɗai tsakaninta da yunwa. Kai dai ka riƙe cewa shi ne tsakaninka da kalanda.

2. Kada ka ga yoyo

Wajen kwana na ɗari takwas da casa'in, siririn bututun zai fara ɗiga tsakanin ɗakin famfo da kan rijiya. Ƙa'ida ta ce a rufe rijiya kwana biyu, a gyara, a gwada. Ƙa'ida ba ta da ɗakin zama da za ta rataye kalanda. Naɗa tsumma a wurin, ka tara bokiti, ka riƙa kallon sama in za ka wuce.

3. Murɗa ɗan makullin

Nan ne ilimin yake. A wuyan rijiya, daidai inda siririn bututun ke shiga ƙasa, akwai ɗan makulli da bai fi babban yatsa ba. Murɗa shi sosai. Matsin da ke ƙasa ya zama fursuna: yoyo ba zai taɓa shi ba, allurar agogon auna matsi za ta tsaya cak, bawul zai zauna baki buɗe har illa masha Allahu.

Gaskiya ne jan maɓallin ma ba zai ƙara taɓa shi ba. Amma a shekarunka na aiki sau nawa ka ga an danna shi? To, ka gani.

4. Iya zama da mai karatu

Kowace tasha tana da tata Injiniya Ibinabo, mai yawo da littafi da fitila ko da rana tsaka. Tawa ta tsaya kan agogon nan ta ƙura masa ido.

"Oga Dakoru, allurar nan sati uku ba ta motsa ba. Ko gawa ai tana kumbura."

"Madam, rijiya ce mai tarbiyya. Ni na raine ta."

"Mu rufe mu gwada. Awa ɗaya kawai."

Kada ka yi gardama. Kai ta wajen shugaban tasha, Oga Furo, wanda shi ma zai tsaya a bayanka a hoton. Ya ajiye cokalin miyar banga, wato ta kwakwar manja, ya share baki ya ce, "Yarinyata, a makaranta an koya miki rufe rijiya. Mu nan buɗe ta ake biyan mu. Gwaji sai bayan kalanda."

5. Yi murmushi

Kwana dubu ya cika, mai hoto ya zo a jirgin ruwa. An ba ni watan Maris. Na kai wa Mama Ibiere nata da hannuna, ta rataye kusa da murhun banda tana nuna wa maƙwabta, "Mijin 'yata ke nan, shi ke riƙe da rijiyar gaba ɗaya."

6. Koyi gudu

Da hantsin wata Talata babban bututu zai fashe a bakin rafi. Ibinabo za ta danna jan maɓalli. Shiru. Za ta sake dannawa da hannu biyu, sannan ta juyo ta kalle ka. Da kallon nan, za ka gwammace ta zage ka.

Kwasa da gudu a kan gadar katako, da tumbinka da takalman ƙarfe. Makullin zai yi tsatsa, don wata biyar ba a taɓa shi ba. Ni minti arba'in na yi ina kokawa da shi, ina kallon ruwa yana baƙi har gaban ragar Mama. Na ji tsoro, na ji kunya, kuma ban san wanne ya fi ba.

7. Karɓi saƙo da ladabi

Bayan kwana uku matata ta dawo daga ƙauye ta ajiye mini ƙunshi a tebur. "Mama ta ce a ba mai riƙe da rijiya, kamun wannan satin ke nan." Na buɗe. Matattun kifaye huɗu ne, baƙi ƙirin, suna warin kananzir. Takardar da aka naɗe su da ita shafin watan Maris ne.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko rafinku, ko aurenka. Ya yi alkawarin kalanda, kuma ya cika. Kada a aiko masa da ƙorafi ta tasha, ba ya can. Yana kasuwar Bonny kowace Asabar yana sayen kifin gwangwani na jikoki bakwai, wanda kakarsu ke karɓa ta taga.