Motar da Ba Ta Shan Kowane Mai

Tun da aka ƙara wa a-kori-kurata ƙarfin inji, na rantse gidan mai guda na yarda da shi a Funtuwa. Ranar da zan kai surukina ɗaurin aure Gozaki, na tarar an rufe.

A hanya ya ce, "Alhaji, ga wani gidan mai can."

Na ce, "Baba, wannan ba ta shan kowane mai."

Muna hango Gozaki mai ya ƙare, motar ta mutu. Shanun huɗa suka ja mu cikin gari, jama'a na watsewa daga fatiha, Baba ya rufe fuska da babbar riga.

Har yau a majalisa sai an tambaye ni, "Alhaji, wace harawa ta fi so, ta wake ko ta gyaɗa?"