Saƙon da Na Aika wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da muka je gaisuwa Tibiri ba, ɗana yana wata huɗu. Ɗan fari ne, ni kuma ko atishawa ya yi sai gabana ya faɗi. Maƙwabciyata a unguwarmu ta Zariya ta ce akwai wata aplikasiyon mai tuna wa uwa ranar allurar riga-kafi, ta turo min daga salularta zuwa tawa. Da zan buɗe, jan rubutu ya fito da Faransanci. Ni da na bar lakwal, makarantar boko, a aji uku, na danna na wuce (na ɗauka gaisuwa ce).

Surukina kuwa, ban taɓa kallon idonsa ba. Lambarsa tana wayata ne kawai saboda mijina ya sa ta. Ina durƙushe ina gaishe shi, kaina a ƙasa, sai wayarsa ta yi ƙara. Bai ga tabaransa ba, ya miƙa wayar ga liman da ke gefensa.

Liman ya gyara murya: "Daga surukarka ne, Alhaji. Ta ce, 'Maganin ƙarfin maza, an gwada, an gode. Ka saya yau...'" Sai tari ya kama shi.

Wallahi na so ƙasa ta buɗe in shige. Baba, surukin nawa, ya ce wa mijina, "Gaya mata na gode da kulawa. Lafiyata lau."

A ɗaki, Rakiya ƙanwar mijina, mai karatun na'ura a jami'a, ta yi dariya har da hawaye.

"Matar Yaya, ke da ko sunansa ba kya faɗa!"

Ta duba wayar, ta ce duk wanda ya ƙera aplikasiyon ta gaskiya yana buga mata hatimi na sirri mai shaidar sunansa, waya tana dubawa. Wannan wani ya farke ta ya cusa tallarsa, ba hatimin mai ita. Jan rubutun, abin da yake gaya min ke nan. Aplikasiyon ɗin da kanta ta aika wa kowa a wayata saƙon da sunana, har kawuna a Jiratawa.

Rakiya ta yi wa Baba bayani, ya ce ba komai. Amma a da idan na zo yakan zauna ya karɓi jikansa a hannuna. Yanzu yana jin sallamata sai ya tuna zai je gona.

Ni dai yanzu ko katin gayyata na gani da jan rubutu, sai na kira Rakiya.