Balan-balan ɗin Bikin Yagana

Ba zan taɓa mantawa da ranar wushe-wushen ƙanwata Yagana ba, wato shagalin da ango ke zuwa gidan amarya. Ko na so mantawa ma, mutanen unguwarmu Bulabulin ba za su bar ni ba.

Lokacin ana tsakiyar rikici, dokar hana fita ta mayar da bikin da aka saba yi da dare zuwa bayan Azahar. Babu harbin bindigar tarbar ango, makaɗa ma sun ƙi zuwa. Yagana ta yi ta kuka, wai bikinta zai zama kamar zaman makoki. Ni kuwa malamin Turanci ne (irin masu jefa manyan kalmomi ko ba a tambaye su ba), sai na bugi ƙirji na ce, "Share hawayenki, jambori zan haɗa miki."

Kakarmu ta ce, "Mene ne kuma jambori?"

Na gyara tsayuwa na ce gagarumin shagali ne, mai hayaniya da annashuwa.

Na sayo balan-balan tuli, na hura su da bakina har jiri ya kwashe ni, na jera su a jikin rumfa. Na manta da zafin ranar Maiduguri.

Ango na shigowa, mata na guɗa, ina riƙe da makirufo ina yi masa kirari, sai fau! Sai fau-fau-fau! Jama'a, a shekarun nan ko murfin tukunya ya faɗi sai gaba ya faɗi. Nan take wuri ya watse. Ni da na ɗaura balan-balan ɗin da hannuna, ni na fara gudu. Na tsallake Kaka, na faɗa kicin, na maƙale bayan buhun gawayi, makirufo na hannuna a kunne. Duk unguwa ta ji ni ta lasifika: "Innalillahi! Wayyo Allah, ko aure ban yi ba!"

Kaka da ba ta iya gudu ce ta tsinci guntun roba a cinyarta. Ta ƙwala kira, "Fito, Malam, kayanka ne!"

Na fito, farar shaddata duk gawayi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, na lalata wa yarinya ranarta. Sai na tarar da ita tana dariya har kwalli ya zubo mata. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, rabon gidan nan da dariya haka tun rasuwar Baba."

Daga ranar na ɗauki darasi: tsoro ba laifi ba ne, amma kafin ka gudu, ka kashe makirufo.