Ranar da Shugaban Sashe Ya Kaɗa Bokiti

Wanda bai taɓa ganin Shugaban Sashen Kimiyya yana ƙetare harabar makaranta ba, bai ga ilimi yana tafiya da ƙafa biyu ba. Tafiyar da ɗalibi zai yi cikin minti ɗaya, shi sai ya ci goma, don a wurinsa gaggawa aikin ƙananan ma'aikata ce. Ko atishawa ce ta zo masa, sai ta jira ya gyara wuyan kwat. A gabansa malamai suna ce masa Kogin Sani. In ya ba da baya kuwa sunansa A-Hankali, kuma har mai shara ya san wa ake nufi.

Shekara ashirin da biyu yana koyar da fiziks, hannunsa bai taɓa riƙe komai ba sai alli. Kayan gwaji kam, Allah ya saka masa da alheri, ba a taɓa samun mai tattalinsu irinsa ba. Maganaɗisu, madubai, ma'aunai, duk suna kulle a kabad cikin ledarsu, makulli yana aljihunsa.

"Kimiyya ba a taɓa ta da hannu," in ji shi. "Da ƙwaƙwalwa ake taɓa ta, ita ma sai irin tamu."

Ana nan aka kawo wata sabuwar malama. Ta roƙi makulli, ya hana. Sai baiwar Allah ta tattaro kwalabe da igiya da balan-balan da wani tsohon bokiti, ta shiga nuna wa yara abin da ke cikin littafi ido da ido. Ajin da ake gyangyaɗi ya koma ana rige-rigen kujera, har iyaye suka fara leƙowa ta taga. Abin ya ƙona wa Shugaban Sashe rai matuƙa. Takardar gargaɗi uku ya rubuta mata, laifinta sa ɗalibai dariya a lokacin karatu.

Kwatsam labari ya zo cewa Daraktar Ilimi za ta zo ta ga wannan salon koyarwa, ta zaɓi mutum ɗaya ya jagoranci kai shi makarantu arba'in da biyu. Muƙamin yana da ofis, ofishin yana da ƙofa, ƙofar za a rubuta suna a jikinta. Nan take Shugaban Sashe ya tuna ashe shi ne uban wannan dabara tun asali. Ya janye takardun gargaɗin, ya umarci matarsa ta sanar da dangi, ya kai kwat wanki.

Ranar taro zaure ya cika da yara da iyaye da kakanni. Ya yi jawabin maraba na minti hamsin, ya ambaci kansa sau talatin, Malama ko sau ɗaya. Daga nan ita ta fito. Ta sa ƙwai ya faɗa cikin kwalba, ta sa balan-balan ya ɗaga gashin mai gadi. Sannan ta zuba ruwa rabin bokiti, ta gayyato kakar wata ɗaliba. Tsohuwa ta gyara tsayuwa, ta kaɗa bokitin nan ya riƙa zagaya kanta, bakinsa ƙasa gindinsa sama, ko ɗigo bai zuba ba. Zaure ya kaure da tafi. Darakta har da miƙewa.

Shugaban Sashe ya ga tafi yana tafiya inda ba gidansa ba, ya ji muƙami yana zamewa daga hannunsa. Ya tashi.

"Ranki ya daɗe, abin da Iya ta yi sa'a ce. Yanzu za ki ga yadda ake yinsa da ilimi. A cika shi fal."

Malama ta matso ta yi ƙasa da murya. "Yallaɓai, da sauri ake kaɗawa. Saurin ne ke riƙe ruwan."

"Malama, ina koyar da wannan babi kina rarrafe."

"Ɗana," in ji tsohuwar, "ko me za ka yi, kada ka tsaya a sama."

Ya yi mata murmushin da masana ke yi wa jahilai. Ya kama bokiti, ya lila shi gaba, ya lila shi baya, cikin natsuwa da kamala. Ya ɗaga shi sannu sannu, yadda ya dace da mai shekara ashirin da biyu a bakin aiki. Daidai lokacin da bokiti ya kife a saman kansa, sai ya hango mai hoto ya saita shi. Babban mutum kuwa ba ya barin hotonsa ya fito a karkace. Ya tsaya cak, ya ɗaga haɓa.

Ruwa bai san muƙami ba. Ya sauko gaba ɗaya, ya bi ta wuyan kwat, ya tsaya a cikin takalma. Yara suka faɗi ƙasa don dariya, kakanni suna share hawaye, matarsa ta sunkuyar da kai tana neman wani abu a jaka.

Amma Kogin Sani ba ya kuskure. Ya share fuska, ya ɗaga yatsa.

"Da gangan na yi! Na sadaukar da kaina ne don jama'a su ga abin da ke faruwa in babu sauri. Wannan shi ake kira koyarwa."

Darakta ta dube shi. "Da gangan, Malam?"

"Tun makon jiya na tsara shi, ranki ya daɗe."

"To madalla. Ban taɓa ganin darasin da ya shiga kan mutane haka ba. Malama za ta jagoranci shirin. Kai kuma ba za mu bar wannan baiwa ta tafi a banza ba. Za ka bi ta, ka maimaita shi a kowace makaranta."

In ya ce kuskure ne, ya ƙaryata kansa a gaban mutum ɗari uku. Ya ce ya gode da wannan karramawa, ruwa yana ɗiga daga kunnensa.

Washegari Malama ta miƙa jerin kayan tafiya don a sa hannu: igiya, kwalabe shida, balan-balan, bokiti biyu, tawul ɗaya, Shugaban Sashe ɗaya.